Amshin da Ya Jira Wata Takwas

Ni na yi wa Allah alkawari, ba shi ya roƙe ni ba, wannan kam na yarda. Ranar da likita ya ce maƙoƙon da ke wuyana sai an yanka, na dawo gida Samaru na durƙusa a bakin gado na ce, “Ubangiji, in ka fito da ni da rai, zan tsaya gaban ikilisiya in yi maka sabuwar waƙa wadda kunne bai taɓa ji ba.” Ya fito da ni da rai. Muryar da zan yi waƙar da ita ce bai fito mini da ita ba.

Sunana Jemimah, matar Toma kafinta, amma a layinmu Maman Kevin aka sani. Shekara ashirin da uku ina ba da waƙa a Zumuntar Mata ta cocinmu. Ni ke bayarwa, mata arba'in su amsa. An ce yabon kai jahilci, to bari in yi jahilcin sau ɗaya: in na ɗaga murya ranar Lahadi, masu rake a bakin titi sun san an fara sujada. Ban taɓa riƙe makirfo ba. Na masu ƙaramin ƙirji ne.

Ina da al'adata. In na shirya sabuwar waƙa, amshi kaɗai nake koya wa mata. Baitocin bayarwa suna cikina, ba a takarda ba, sai ranar da za a yi ake jin su. Akwai shekarar da na koya musu komai da komai, wata mai sakin baki ta kai wa ƙanwarta a wani coci a Basawa, muka je babban taro muka ji waƙarmu a bakin wasu tun ba a kira mu ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu.

Don haka ranar Alhamis ta ƙarshe kafin in tafi asibiti, cikin watan Maris na 2005, na koya musu amshin waƙar alkawarina. Gajere ne: “Ya riƙe ni, bai sake ba.” Mama Elizabeth, shugabar Zumunta, wadda ke buga mana tulu tun ina amarya, ta daidaita kiɗan. Bugu takwas nawa ne, in yi baiti a ciki, sannan mata su shigo. Suka yi ta maimaitawa suna dariya, suna roƙo in ɗan ɗanɗana musu baiti ɗaya. Na ce su jira ranar godiyata.

Da na farfaɗo daga aikin na buɗe baki in nemi ruwa, abin da ya fita kamar ana jan buhu a kan siminti. Likita ya ce jijiyar murya ce ta taɓu, nan da wata uku za ta dawo. Da wata uku ya cika ya ce shida. Da shida ya cika ya daina kallon idona, sai takardar gabansa.

Wanda bai rasa murya ba bai san a wuyansa rabin mutuncinsa yake rataye ba. Busasshen kifi da daddawa nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kullum ina bin bas daga Samaru. In na ce “akwai” ba mai ji, direba ya wuce da ni, in sauka a inda ban nufa ba in dawo a ƙasa da kaya a ka. Sai da na koma yawo da cokali a jaka ina ƙwanƙwasa ƙarfen mota. A rumfa kuma ina gani mai saye zai tsaya, in yi masa magana, ya ce “Na'am?” sau biyu, ya ƙara gaba. Ɗana Kevin da ke aiki a Kaduna ya ji tausayina, ya rasa abin da zai aiko mini sai wayar hannu. Waya, ga macen da ko wanda ke zaune gefenta ba ya jin ta. Na saka ta cikin kwanon samira na rufe.

Shi kuma Toma, tun ina kwance a asibiti ya je ya sayo ɗan akuya na godiya ya ɗaure a gindin gwaiba. Haka muke yi a cocinmu: wanda Allah ya tayar daga ciwo yakan zaɓi Lahadi ɗaya, ya taho daga bakin ƙofa da rawa, iyalinsa a baya da abin da suka kawo, har gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa. Ni tawa godiyar da waƙar za ta zo. Duk safiya in na fito da buta sai ɗan akuyan nan ya dube ni ya yi kuka. Ko shi yana da murya.

Sati uku da dawowata gida mata suka zo gaisuwa. Sun ci anko, farar riga da zanin Zumunta, suka cika tsakar gida har zaure, da sabulu da lemo da gwangwanin madara. Aka yi addu'a. Sai wata ta ce a yi mini sabuwar waƙar nan ko zuciyata ta yi sanyi. Ba wadda ta tsaya ta yi tunani. Mama Elizabeth ta gyara tulu tsakanin ƙafafunta, ta ɗaga soson bugu, ta sauke a bakinsa.

Duk suka juyo suna kallona.

Mata arba'in, baki a ɗan buɗe, sun ja numfashi suna jiran in bayar, yadda suka saba shekara ashirin da uku. Bugu ɗaya, biyu, uku. Ina ƙirgawa, don jikina ba ya iya barin ƙirgawa. A na biyar na ga fuskokinsu sun fara sauyawa. A na takwas ba wadda ta amsa. Mama Elizabeth ta ɗora hannu a bakin tulun, sai kukan ɗan akuya.

Martina ce ta yi ƙoƙarin rufe kunyar. Malamar firamare ce, yarinya a kaina, tana da murya mai zaƙi amma ba ta da nauyi. Ta ɗauko wata tsohuwar waƙata, ta hau a inda ake sauka. Zuciya ta ɗebe ni. Na jawo farantin da aka zuba mini lemo na maka shi da bango, lemo ya watse har ƙarƙashin kujeru. Na nuna musu ƙofa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya suna neman takalma, wasu na hawaye. Ban ji tausayin kowa ba.

Daga ranar na daina zuwa coci. Ba wai na daina gaskata akwai Allah ba. Ai ba ka fushi da wanda babu shi. Na san yana nan sarai, shi ya sa nake ƙin kula shi. In Toma ya ce mu yi addu'ar safe sai in tashi in hau wanke-wanke, in yi ta buga tukwane. Wani lokaci kuma ina tsakiyar gyaran kifi sai in ji ina faɗa masa magana a zuci: “Masu gulma nawa ne a Samaru da ka bar musu muryarsu? Masu zagin miji, masu rantsuwar ƙarya a kasuwa. Duk ba ka ga wuyan da za ka taɓa ba sai na mai yabonka?”

Abin da ya fi ci mini rai, wanda ban faɗa wa kowa ba, shi ne baitin ƙarshe na waƙar. Tun kafin a yanka ni na shirya shi, da gabana gaɗi. Cewa yake, “Na fito da muryata, ga ta na kawo maka.” Ni da bakina na tsara, na kuma yi imani haka za a yi. Yanzu in tsaya gaban jama'a in yi ƙarya da sunan godiya? Ko in ba wata ta yi mini ƙaryar?

Masu ba da haƙuri kuwa sun zo har na gaji da shimfiɗa tabarma. Haƙuri maganin zaman duniya, in ji wanda maƙogwaronsa lafiya lau. Fasto ya zo da kansa, ya zauna ya karanta mini ayoyi, ya ce Allah ya san dalilin da ya sa ya yi haka. Na karɓi bironsa na rubuta a bayan takardar baikon coci: “To ya faɗa mini.” Ya karanta, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi addu'a ya tafi. Na girmama shi da bai ƙara komai ba.

Damina ta zo ta wuce. Ɗan akuya ya zama bunsuru, ya cinye mini alayyafo sau biyu, warinsa ya cika gida.

“Maman Kevin,” in ji Toma wata safiyar Asabar, yana goge fartanya, “dabban nan fa ya tsufa a gindin bishiya. Maƙwabta sun fara magana.”

Na matso kusa da kunnensa, don sai haka yake ji na. “Ka sayar.”

“Ba nawa ba ne. Na riga na ba Allah.”

“To ya zo ya ɗauki abinsa. Ai ya iya ɗauka.”

Ya daina goge fartanyar. Toma ba mai yawan magana ba ne, shekara talatin ni ke yi mana maganar mu biyu. Ya ce, “Ni dai da na tsaya a ƙofar ɗakin aikin nan awa huɗu, ba murya na roƙa ba. Ke na roƙa.” Ya saɓi fartanyarsa ya fita. Na ji maganar har cikin ƙashina, kuma na ji haushinsa da ya faɗe ta.

Ranar Juma'a kafin Lahadin godiyar kaka, cikin watan Nuwamba, ina rumfa ina korar ƙuda sai ga Mama Elizabeth tana dogara lema. Shekararta saba'in da ɗoriya, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, amma ta hau bas tun daga Samaru ta ratsa layin 'yan tumatir da ƙafarta. Ebele, maƙwabciyata mai agushi, ta miƙo mata kujera. Na gaishe ta da hannu, na ci gaba da korar ƙudana.

“Ba kifi na zo saya ba, Jemimah,” ta ce.

Na ɗaga kafaɗa.

“Wata takwas amshin nan yana bakinmu. Tuwo ba miya. Ba mu haɗiye ba, ba mu tofar ba.”

Na sunkuya kusa da ita. “Mama, ku tofar.”

“Kin ce da wa kike fushi? Da mu?”

“Kun san abin da kuka yi mini a gidana.”

“Mun sani. Mun yi wauta, kuma ni ce babbar wawiya, don ni na buga tulun. Amma ki faɗa mini gaskiya, da a ce ranar nan ba mu juyo mun kalle ki ba, da mun wuce abinmu da wata kamar ba a taɓa yin ki ba, da kin fi jin daɗi?”

Na kama jera kifin da yake a jere.

“Ba da mu kike ba,” ta ce. “Da Mai sama kike. To mace in tana fushi da mai gida, a ɗakinsa take samunsa ta faɗa masa. Ba ta zuwa kasuwa ta huce a kan ƙuda.”

“Da wace muryar zan faɗa masa?”

“Au, kurma ne shi?”

Ta dafa lema ta miƙe da ƙyar. “Jibi za mu yi waƙar nan, da ke ko ba ke. Na zo ne kada ki ji a bakin wasu.”

Na riƙo gefen zaninta. “Wa zai bayar? Ba wadda ta san baitocin.”

Ta zame zaninta a hankali ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Ai kuwa ranar ban sayar da abin kirki ba. Martina, na ce a raina. Ba wata sai Martina. Za ta zauna da littafin 'yan makaranta ta harhaɗa baitocin ta na yara, ta liƙa a jikin amshina, a tafa mata. Alkawarin da na yi a durƙushe, wata ce za ta cika shi da kalmomin da ba nawa ba. An karɓe mini murya na yi shiru don dole, yanzu kuma waƙar za a karɓe ina raye?

Ranar Lahadi na riga Toma shiryawa. Da ya gan ni da jaka, sai ya je ya kwance bunsurunsa. Na ce masa ba godiya za ni ba, shaida za ni. Ya ce to, shi ma bunsurun shaida zai je. Ban sa ankon Zumunta ba. Wata tsohuwar atamfa na ɗaura, na yafa gyale na rufe tabon wuyana, na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa.

Gaban bagade ya cika da dammunan dawa da buhunan masara da doya, kaji a ɗaure suna ta fisge-fisge. Aka yi wa'azi ban ji ko kalma ɗaya ba. Sai aka kira Zumuntar Mata. Suka fito suka jeru layi uku, Mama Elizabeth ta zauna a gaba da tulunta, masu kacau-kacau a gefenta. Martina na tsaye a tsakiya, a wurina, da makirfo a hannu. Na ce ai ga shi nan.

Tulu ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Na zuba wa bakin Martina ido. A rufe yake. Bakwai, takwas.

“Ya riƙe ni, bai sake ba.”

Suka sake yin shiru. Tulu kaɗai ke tafiya, bugu takwas babu kowa a ciki, sannan mata arba'in suka amsa abin da ba a faɗa ba. Sau uku. Sau huɗu. Jama'a suka fara waige-waige. Wani dattijo ya leƙa wajen mai injin sauti ko waya ce ta tsinke. Fasto ya sunkuyar da kai. Su kuwa ba su kalle ni ba ko sau ɗaya, idanunsu na kan bangon baya, suna barin wurina a buɗe.

Ba zan ce wani haske na gani ba. Haushi ne ya tashe ni. Sun tona mini asiri a gaban ikilisiya, ga shi kuma layin baya suna jan amshin kamar masu rakiyar gawa, alhali na gaya musu tun Maris a tsinke shi da sauri. Na miƙe na bi tsakiyar coci, ba rawa, ba iyali a bayana, takalmina na ƙara a siminti. Da na isa Martina ta matsa gefe ta miƙo mini makirfo da hannu biyu.

“Mama,” ta ce a hankali.

Na ture shi. Ba da jama'a zan yi magana ba.

Na ɗaga wa layin baya yatsa, suka gyara. Na juya na fuskanci bagade. Da bugun farko ya zo na buɗe baki na sa baitin farko a ciki, na ranar da likita ya faɗi maganar yanka. Ko ni da ƙyar na ji abin da ya fita. Suka amsa. Na yi na biyu, na ɗakin aiki da fitilunsa. Suka amsa. Na lura Mama Elizabeth ba tulunta take kallo ba, leɓɓana take kallo, tana bin su da bugu.

Sai ga wurin baitin ƙarshe. Na san ba zan yi shi yadda na tsara ba. Gyalena ya zame, tabon ya fito, ban gyara ba. Na ce wa Allah, da wannan muryar ta jan buhu da ya bar mini, “Na shiga da muryata, ka karɓe. Ban san dalili ba, ba ka faɗa mini ba. Har yau ina fushi da kai, kuma ga ni a gidanka.”

Baitin ya fi bugu takwas nesa ba kusa ba. Mama Elizabeth ta ci gaba da bugawa, tara, goma, sha biyu, sha shida, ta hana kowa shigowa har sai da ta ga na rufe baki. Sannan ta gyaɗa kai.

“Ya riƙe ni, bai sake ba.”

Ba su ji abin da na ce ba. Da sun ji, wataƙila da wasu sun kama baki. Amsa kawai suka yi, amsar da ni na sa musu a baki tun ban san abin da zai same ni ba. Na ja numfashi in ƙaryata su. Na duba wata takwas ɗin nan kaf, bas da cokali da farantin da na fasa, da Toma can bakin ƙofa yana kokawa da igiyar bunsuru. Ni na saki. Na nemi ranar da shi ya sake ni, in jefa masa ita a fuska, ban samu ba.

Fushin yana nan, bai tafi ko'ina ba, hawaye kuma na zuba har cikin tabon. Mama Elizabeth ta ɗaga soso tana jiran alamar tsayawa, yadda ta saba jira daga hannuna.

Na juya yatsa a sama. A maimaita.